Zumuncin da ake biya da dala: gidajen ƙungiyoyin ɗalibai mata a jami'o'in Amurka

A cikin watan Agusta na kowace shekara, tun kafin a buɗe azuzuwa, 'yan mata sama da 2,000 kan hallara a Jami'ar Alabama da ke garin Tuscaloosa a kudancin Amurka domin neman gurbi a ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai mata, waɗanda ake kira sororiti. Sukan shafe fiye da mako guda suna zagaya wasu manya-manyan gidaje masu dogayen ginshiƙai cikin tsananin zafi, suna hira da mambobin kowane gida, kowace rana kuma da irin suturar da ake sa ran gani a jikinsu. Bayan kowane zagaye gidajen na rage sunaye, su ma 'yan matan suna jera gidajen da suka fi kwanta musu a rai. A rana ta ƙarshe sai a tara waɗanda suka tsallake a filin wasa na Bryant-Denny, a miƙa wa kowacce ambulan, a ba da umarni su buɗe lokaci guda, sannan su kwasa da gudu suna ihun murna zuwa gidan da ya karɓe su. Waɗanda babu gidan da ya ɗauka ba sa zuwa filin, domin an riga an sanar da su tun kafin lokacin. A shekarar 2021 wannan al'ada ta fito idon duniya ta manhajar TikTok, inda 'yan matan suka riƙa tsayawa gaban kyamara kowace safiya suna lissafa kamfanin da ya ɗinka rigarsu, da wanda ya yi takalmin, da wanda ya ƙera 'yan kunnen.

Miliyoyin mutane sun kalli waɗannan hotuna a matsayin nishaɗi. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar kuɗin da ke biyo bayan gudun da ihun. Ra'ayina shi ne, a cikin dukan lissafin, kuɗin ɗaki da abinci ne ya fi sauƙin karewa. Abin da ya fi tsada shi ne izinin shiga cikin wasu mutane, an kuma tsara farashinsa ta yadda zai tace 'yar mai hali daga 'yar talaka ba tare da kowa ya furta hakan da bakinsa ba. Ina kuma ganin bai dace jami'ar gwamnati, wadda aka gina da harajin kowa, ta riƙa ba da filinta da sunanta da lamuninta ga irin wannan tsari ba tare da ta gindaya sharaɗi ba.

Ya kamata a yi wa ƙungiyoyin adalci tun daga tushensu. Mai karatu a Najeriya na iya tuno ƙungiyoyin asiri da suka addabi jami'o'inmu, amma waɗannan dabam suke: suna da rajista, jami'a ta san da su, sunansu kuma a rubuce yake ɓaro-ɓaro da haruffan Girkanci a gaban gidajensu. Ta farko a cikinsu an kafa ta ne a 1851 a Kwalejin Wesleyan da ke Macon a jihar Jojiya, ita ce daga baya ta koma Alpha Delta Pi. A 1870 wasu ɗalibai huɗu suka kafa Kappa Alpha Theta a jami'ar da yanzu ake kira DePauw a jihar Indiyana, shekara uku kacal bayan da jami'ar ta fara karɓar mata, a lokacin da ɗalibai maza da dama ke kallon zuwan mata aji a matsayin kutse. Waɗannan mata sun haɗa kai ne domin su tsaya wa juna, daga bisani kuma gidajen suka cike wani giɓi na gaske, tunda jami'o'i da yawa ba su tanadi isassun ɗakunan kwana ga mata ba. A 1902 ƙungiyoyin suka kafa majalisa guda, wadda a yau take da mambobi 26. Buƙatar da ta haifar da su sahihiya ce, har gobe kuma tana nan. Yarinya 'yar shekara 18 da ta sauka a jami'a mai ɗalibai kusan 40,000, ba ta san kowa ba, tana da haƙƙin neman inda za a san sunanta, a kuma lura idan ba ta fito cin abinci ba.

Sai dai ga abin da takardar kuɗin ke ɗauke da shi. Kafin a fara makon tantancewa akwai kuɗin rajista, wanda a Alabama ya haura dala 300, kuma ba a mayarwa ko da babu gidan da ya karɓi yarinya. Idan an karɓe ta, akwai kuɗin sabuwar mamba, da kuɗin rantsarwa, da kuɗin bajon ƙungiya da ake maƙalawa a ƙirji, da kason uwar ƙungiya ta ƙasa, da kason reshe, da kuɗin abinci, da kuɗin kula da gini, da wani kuɗi na musamman da ake karɓa daga wadda ba ta kwana a gidan saboda tana amfani da falo da ɗakin karatu. Alƙaluman da majalisar ƙungiyoyin ta jami'ar ta fitar a wajajen 2021 da 2022 sun nuna cewa sabuwar mamba na biyan kimanin dala 4,000 zuwa kusan 5,000 a zangon karatunta na farko. A lokacin, wadda ke kwana a gidan tana biyan sama da dala 7,000 a matsakaici, a wasu gidajen ma fiye da 9,000, a zango guda. Wadda ke zaune a waje kuma tana biyan wajen dala 3,600 a wancan lokacin. Duk wannan bai shafi kuɗin makaranta ba. Alabama na cikin wurare mafi tsada, akwai jami'o'in da kuɗin ƙungiya bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, musamman inda babu gida, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna inda tsadar ta samo asali.

Masu kare tsarin sukan ce kuɗin mai kwana a gida ya haɗa da ɗaki da abincin da kuku ke dafawa, da shara da wuta da ruwa da intanet, idan kuma aka kwatanta da ɗakin kwana na jami'a haɗe da katin abinci, bambancin ba shi da yawa, a wasu jami'o'in ma gidan ƙungiyar ya fi araha. Wannan magana gaskiya ce, ban kuma ga dalilin musanta ta ba. Amma ta tsallake wani abu babba. A manyan jami'o'in kudu reshe guda kan tara mambobi sama da 400, alhali gadajen gidan ba su kai 100 ba. Mafi yawan masu biyan kuɗin ginin ba sa kwana a cikinsa. Sabuwar ɗaliba tana zaune ne a ɗakin kwana na jami'a, tana biyan hayarsa, sannan tana biyan dubban daloli ga gidan da take zuwa kawai don cin abinci da halartar taro. A wurinta babu wani sauƙi da za a kwatanta, ƙarin nauyi ne tsantsa.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin takarda, shi ne ma ya fi ci wa iyaye tuwo a ƙwarya, domin ba a shirya masa ba. Kowane taro da rigarsa mai tambarin ƙungiya. Kowane zango da liyafarsa, wadda ke buƙatar sabuwar doguwar riga da gyaran gashi da kwalliya. Idan mamba ta shiga shekara ta biyu ana ba ta ƙanwa daga cikin sababbin shiga, al'ada kuma ta ɗora mata cika kwando da kyaututtuka har tsawon mako guda. Babu dokar da ta ce dole ne a yi duk waɗannan, kamar dai ankon biki ne, wanda ake cewa ganin dama ne amma duk wadda ba ta yi ba ta san irin kallon da za a yi mata a wurin taron. Bayan haka akwai tara ga wadda ba ta halarci taron mako ba, ko ta yi fashin aikin tantance sababbin shiga. Tun kafin a zo jami'a ma wasu iyalai na biyan masu ba da shawara ɗaruruwa ko dubban daloli domin su koya wa 'yarsu abin da za ta sa, da abin da za ta faɗa, da hotunan da za ta goge daga shafinta na Instagram.

Domin a gane nauyin wannan kuɗi, a ɗora shi kan ɗalibar da ke aiki tana karatu. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, ba a ƙara shi ba tun 2009, kuma jihar Alabama ba ta da nata dabam. Kafin irin wannan ɗaliba ta haɗa dala 4,000 sai ta yi aikin sama da awa 550. Idan tana aikin awa 20 a mako, abin da za ta samu a zango guda bai kai kashi biyu bisa uku na kuɗin ba, ga shi kuma awannin da take wurin aiki su ne na tarukan da za a ci ta tara idan ba ta je ba. Tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke ba 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, mafi yawansa dala 7,395 ne a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024. Ke nan abin da gwamnati ke ba ɗaliba mafi talauci a shekara guda shi ne kusan kuɗin kwana a gidan ƙungiya na zango ɗaya. Wanda ya san wannan lissafi ba ya buƙatar a gaya masa su wane ne za su cika gidajen.

Tsadar ba daga sama ta faɗo ba. A cikin shekaru goma sha da suka wuce ƙungiyoyin Alabama sun shiga gasar rushe tsofaffin gidaje da gina sababbi. Gidan ƙungiyar Phi Mu da aka buɗe a 2016 ya ci kimanin dala miliyan 13, kuma ba shi kaɗai ne ya haura miliyan 10 ba. Filin na jami'a ne, ita ce kuma ke taimakawa da rancen ginin, bashin kuwa daga aljihun mambobi ake biyansa shekara bayan shekara. Gidan da ke ɗauke da bashin miliyoyi dole ne ya cika gadajensa, dole ne ya tara ɗaruruwan mambobi masu iya biya a kan kari, dole ne kuma ya kare sunansa a idon masu shigowa, domin idan aka ce gidan ya faɗi daraja, sababbin ɗalibai za su guje shi. A nan ne ginin ya daina yi wa zumuncin hidima, zumuncin ya koma yi wa ginin aiki. Shi ya sa rassa da yawa ke tilasta wa mamba kwana a gidan na shekara guda, shi ya sa kuma wadda ta gaza biya ake miƙa sunanta ga kamfanonin karɓar bashi.

Abin da ya faru a DePauw, wato jami'ar da aka haifi Kappa Alpha Theta, ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A ƙarshen 2006 reshen Delta Zeta na can yana fama da ƙarancin mambobi, gidan ya zama rabinsa fanko. Shugabannin ƙungiyar na ƙasa suka zo suka gana da mambobin, sannan suka umarci 23 daga cikin 35 su bar gidan. Ƙungiyar ta ce ta duba himmar kowacce ne wajen jawo sababbin shiga, amma jaridar New York Times ta ruwaito cewa waɗanda aka sallama sun haɗa da masu ƙiba da 'yan tsirarun da ba farare ba, waɗanda aka bari kuwa su ne ake ganin za su fi jan hankali. A watan Maris na 2007 jami'ar ta yanke hulɗa da ƙungiyar. Ko da mutum ya karɓi bayanin shugabannin yadda suka faɗe shi, abin da ya rage ba ya da daɗin ji: 'yan mata sun biya kuɗi, sun yi rantsuwar 'yan'uwantaka ta har abada, sai aka ce su nemi wani wurin kwana a tsakiyar shekarar karatu saboda lissafin gida bai fita ba.

Ba zan ɓoye cewa akwai abubuwan da nake yabawa a rayuwar cikin gidajen ba. An haramta giya a cikinsu, maza ba sa hawa benen da ɗakunan kwana suke, akwai dattijuwa da ke zaune a gidan tana sa ido, akwai kuma makin jarrabawa da mamba ba za ta gaza shi ba, in ta gaza a ɗora mata awannin karatu na dole. Uba ko uwa da suka tura 'yarsu nesa za su ji sanyi da wannan. Amma dokar hana giya ba ta hana shagali ba, ta dai mayar da shi gidajen ƙungiyoyin maza, inda su ne ke riƙe da ƙofa da abin sha da ɗakuna. Gidan mata ya zauna da tsabtarsa, haɗarin kuma ya koma wurin da 'yan matan ba su da iko a kansa.

Sannan akwai tambayar wane ne ke da gidan a haƙiƙa. Ɗalibai na zuwa su wuce cikin shekara huɗu, amma kwamitin da ke riƙe da ginin da asusunsa na tsofaffin mambobi ne. A watan Satumba na 2013 jaridar ɗaliban Alabama, The Crimson White, ta fallasa cewa ƙungiyoyin farare sun ƙi karɓar wasu ɗalibai baƙar fata, ciki har da wata mai sakamako na gani na faɗa wadda kakanta alƙali ne kuma mamba a hukumar gudanarwar jami'ar. Mambobi da dama sun shaida cewa su sun so ɗaukarta, tsofaffin mambobi ne suka hana. Wannan ya faru ne shekara 50 cif bayan da Gwamna George Wallace ya tsaya a bakin ƙofar wannan jami'a a 1963 domin hana ɗalibai baƙar fata biyu shiga. Sai da shugabar jami'ar ta lokacin, Judy Bonner, ta umarci a sake buɗe ƙofar ɗauka, ɗalibai kuma suka yi zanga-zanga, sannan aka karɓi wasu. An sami ci gaba tun daga lokacin, a 2020 kuma ƙungiyoyi da dama sun soke fifikon da ake ba 'ya'ya da jikokin tsofaffin mambobi. Amma shingen launin fata da aka rushe a hukumance yana iya dawowa ta hanyar farashi, a ƙasar da tazarar dukiya tsakanin farare da baƙaƙe take da faɗi ƙwarai.

Abin lura shi ne ƙungiyoyin da mata baƙar fata suka kafa wa kansu, irin su Alpha Kappa Alpha da aka kafa a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris mamba ce a cikinta, da Delta Sigma Theta ta 1913, yawancin rassansu ba su da katafaren gida. Su ma ba kyauta ake shiga ba, amma ƙarfin zumuncinsu da tasirinsu a siyasa da ayyukan al'umma ba ɓoyayye ba ne. Hujja ce a fili cewa 'yan'uwantaka mai ɗorewa ba ta dogara da ginin miliyan 13 ba.

Za a ce kuɗinsu ne, ba a tilasta wa kowa ba, kuma suna amfanar jama'a. Haka ne, suna tara gudummawa mai yawa, ƙungiyar Tri Delta kaɗai ta tara wa asibitin yara na St. Jude miliyoyin daloli tun 1999. Wani binciken Gallup na 2014 ma ya gano cewa tsofaffin mambobi sun fi sauran waɗanda suka kammala jami'a jin daɗin aikinsu da rayuwarsu, ko da yake an fitar da shi ne da haɗin gwiwar uwayen ƙungiyoyin, kuma wadda ta fito daga gidan wadata tana da dalilai da yawa na jin daɗin rayuwa tun kafin ta sa bajo. Na fi ba da nauyi ga aikin wasu masana zamantakewa biyu, Elizabeth Armstrong da Laura Hamilton, waɗanda suka bi rayuwar ɗalibai mata kusan 50 na bene guda a wata babbar jami'ar gwamnati har tsawon shekara biyar, suka wallafa sakamakon a 2013. Sun gano cewa rayuwar ƙungiya da shagali ba ta cutar da 'ya'yan masu kuɗi sosai, domin iyayensu na da hanyar sama musu aiki komai sakamakonsu, amma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da suka yi ƙoƙarin bin sahu sukan fita da bashi da digiri mara ƙarfi. Maganar ganin dama kuma tana raunana a jami'ar da kimanin kashi ɗaya bisa uku na ɗalibanta 'yan ƙungiya ne, inda suka daɗe suna rinjaye a zaɓen shugabannin ɗalibai, inda kuma sanayyar da ke kai mutum ga aiki bayan kammalawa take bi ta cikin waɗannan falukan.

Duk da haka ba na cikin masu kiran a soke ƙungiyoyin. Jami'ar Harvard ta gwada matsa musu lamba daga 2016, ta hana mambobinsu riƙe muƙaman ɗalibai, abin da ya biyo baya kuwa shi ne ƙungiyoyin mata ne suka fara rufewa, tsofaffin kulob na maza masu dukiya suka jure, har jami'ar ta janye dokar a 2020. Abin da nake gani ya fi dacewa shi ne jami'a ta yi amfani da ikon da take da shi a matsayin mai fili kuma mai ba da rance. Duk reshen da ke zaune a filin gwamnati ya buga cikakken abin da mamba ke kashewa a shekara, har da tara da riguna da kyaututtuka, kafin a karɓi kuɗin rajista daga kowa. A ware wani kaso na gurabe da asusun tsofaffin mambobi zai ɗauki nauyinsu bisa buƙata, tunda masu iya tara miliyoyi don gini ba za su gaza wannan ba. A hana cin tarar ɗalibar da aiki ko aji ya hana ta zuwa taro. Rancen gina sababbin fadoji kuma a dakatar da shi, a karkatar da kuɗin ga ɗakunan kwana na kowa da kowa.

Iyayenmu da ke da 'ya'ya mata a jami'o'in Amurka su ma lamarin zai iya iske su, domin kaɗaici a baƙon wuri yakan sa yarinya ta nemi inda za ta raɓa. Ɗalibar da ta je da bizar karatu ba ta cikin masu samun tallafin Pell, aikin da doka ta yarda ta yi a lokacin karatu bai wuce awa 20 a mako ba a cikin harabar jami'a, duk dalar da za ta biya kuma sai an canza ta daga naira ko sefa. Idan ta zo da maganar shiga, a nemi takardar kuɗin ta shekara huɗu gaba ɗaya, a tambayi ko kwana a gidan wajibi ne da kuma a wace shekara, a bincika ko ɗakin girkin zai iya tanadar abincin halal da na sahur. A kuma karanta yarjejeniyar gidan kafin a sa hannu, domin a wurare da yawa wadda ta fita daga ƙungiya a tsakiyar shekara tana nan da bashin hayar ɗakin har ƙarshen wa'adin, sau da yawa kuma uba ko uwa ne suka tsaya mata a takardar.